Shagon da Tela Ya Ɗinka da Bulo

Shekarar da kamfanin gine-gine ya shigo unguwar bayan gari, kaji ma sai da suka canza wurin kiwo. Katafila ta share filayen da ke bayan layi, manyan motoci suka yi ta juye yashi, kafin ka ce me ga sababbin gidaje sun jeru, tsayi ɗaya, fenti ɗaya, har wani bawan Allah ya shiga gidan maƙwabcinsa ya tuɓe takalmi ya ce a kawo abinci. Daga nan aka ce za a shimfiɗa kwalta a tsohon layin, ta wuce daidai ƙofar gidan Tela.

Masu awo suka zo suka kafa turaku masu jan kai, huɗu-huɗu a gaban kowane gida. Aka bi kowa da takarda: duk mai rumfar katako a bakin hanya ya cire ta, ya gina shagon bulo a cikin turakunsa, kada ya ƙetare. Ranar Alhamis ta sama injiniyar kamfani za ta zo ta duba. Wanda shagonsa bai yi ba, a ba wani wurin.

Rumfar Tela kuwa shekararta talatin a nan. Da ita ake ci, da ita ake sha, da ita aka aurar da 'ya'ya uku. In wurin ya suɓuce, sai dai ya ɗora keken ɗinki a ka ya bi gida-gida, ga shi gwiwa ta fara kuka.

Maganar gaskiya, a ɗinki Allah ya ba shi hannu. Kallo ɗaya zai yi maka ya yanka riga, ta zauna kamar a jikinka ta tsiro. Bakinsa ne dai ba a yi wa kalmasa ba. Babu abin da za a ambata a duniya bai ce ya iya ba.

Matarsa ta ninke takardar ta ce, "Malam, a kira ƙanena mana. Shekara ashirin yana gini. Ko cikin sababbin gidajen nan akwai hannunsa."

"Wa? Magini? Yaron da na ɗinka wa wandon makaranta?"

"Yaron yanzu furfura ce a gemunsa."

"Ƙurar siminti ce. Ke, uwar yara, wai mene ne gini? Gaba, baya, gefe biyu. Riga fa? Gaba, baya, hannu biyu. Rigar ma ta fi wuya, don mai ita yana numfashi, yau ya yi ƙiba, gobe ya rame. Kin taɓa ganin shago ya yi tumbi?"

"Ban taɓa ganin riga ta faɗo wa mutum ta fasa masa kai ba."

"Ba ki ga ɗinkin wasu teloli ba ne."

Duk da haka ta aika a kira ƙanen nata. Magini ya iso washegari da safe da jakar kayan aiki, mutum ne kakkaura, mai son dariya, kuma tun ranar da aka kai yayarsa gidan nan bai taɓa barin mijinta ya huta ba.

"Mijin Yaya, na ji za ka yi wa titi babbar riga."

"Ƙanen mata, koma da cokulan gininka. In ana son gini mai kama da gwangwani a kira ku. Wannan aikin na masu ido ne."

"To madalla. Yaya, ba ni kujera. Na ɗauki hutun mako, kallo na zo."

Ya kuwa samu inuwa ya zauna. Gwaggo mai kaji, tsohuwar maƙwabciyarsu da akurkinta ke bayan rumfar, ta jawo tabarmarta. Mai Kanti na gefen dama ya juyo da bencinsa. Kafin Tela ya cire katako na ƙarshe daga rumfar, ya samu 'yan kallo.

Keken ɗinkin kam bai motsa ba, don tun tuni an kafe ƙafafunsa a daɓe saboda ɓarayi. Tela ya lulluɓe shi da tsohon zane, ya ce nan zai zauna a gina shagon a jikinsa, haka ake gane ko abu ya yi wa mai shi daidai.

Ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa, wannan mai laushi na auna ƙirji, ya durƙusa tsakanin turaku yana kira, matarsa na rubutawa.

"Kafaɗa, ɗari da ashirin!"

"Kafaɗar wa?"

"Ta shago! Rubuta. Ƙugu, ɗari da goma sha takwas."

Magini ya ce, "Ya ƙugu ya gaza kafaɗa?"

"Namiji ne. Sai a ƙara inci huɗu ta gaba."

"Inci huɗun na mene ne?"

"Rara. Wane mahaukacin tela ne zai yanka yadi cif-cif? Ana barin rara. In ya yi yawa a rage."

"Mijin Yaya, takarda ta ce kada a ƙetare turke."

"Takarda ta taɓa ɗinki?"

Aka kawo bulo, aka kawo yashi, aka kawo siminti buhu biyar. Tela ya sa a jibge komai a tsakiya, kusa da keke. Mai Kanti ya ce, "Malam Tela, ai a waje ake ajiye kaya, a samu wurin juyawa."

"Ta ciki zan gina."

"Don me?"

"Juya rigarka ka gani. Ta ina ɗinkin yake? Ta ciki. Aikin ƙwarai ba a ganin zarensa ta waje."

Magini ya riƙe ciki. "To in ka gama sai ka kama gindin shagon ka juyo shi?"

Gwaggo ta ce, "Ku ƙyale shi mana. Tun da mijina ya rasu ban yi dariya irin ta yau ba."

Da bangon gaba ya fara, mai kallon titi. Ya ce gaban riga shi ido ke fara gani, ba a yi masa rowa. Ya farke buhu ɗaya, ya farke na biyu, ya ga kwaɓin bai yi masa baƙi yadda yake so ba ya ƙara na uku, ya cika ramukan bulon duka da kwaɓi yana dannawa da muciyar matarsa. Kwana uku yana kan bangon nan. Buhu huɗu suka tafi a cikinsa. Har wasu guntayen rodi da ya tsinto a bayan sababbin gidaje ya cusa, ya ce ƙwarin kwala ne, don ta tsaya.

Matarsa ta leƙa ta ce, "Malam, saura buhu ɗaya, ga bango uku."

"Ya isa. Sauran ɗinkin gwaji zan yi musu."

"Mene ne kuma haka?"

"Haba, shekara talatin kina gidan tela. Ba ki ganin in na haɗa riga nakan fara kama ta da zare sako-sako, mai ita ya gwada, in ta yi sannan a bi da keke? Injiniya ta zo ta gani, in ta ce ya yi, sai a bi shi da siminti."

"Ta ina za a bi shi, bayan bulo na kan bulo?"

"Ke dai kawo ruwa."

Kwaɓin da ya yi wa bango ukun nan, in ka gan shi sai ka rantse yashi ne aka nuna wa siminti daga nesa. Magini ya taso ya ɗebi kaɗan a hannu, ya murza, ya hura, ya tashi sama. Dariyar ta ɗan tsaya masa.

"Mijin Yaya, wasa a gefe. Wannan ba zai riƙe ba. Bari in karɓa, kwana uku na gama maka, ka ce kai ka yi, ba zan faɗa wa kowa ba."

Allah sarki, da Tela ya ji wannan a ɗaki su biyu, wataƙila da ya yarda, don bayansa ya riga ya sage, tafin hannunsa duk ya yi ƙuraje. Amma ga Gwaggo ta kasa kunne, ga Mai Kanti ya bar ciniki, ga leburorin kamfani uku da suka saba zuwa cin abincin rana a gindin wata bishiya don kallo. Sai ya miƙe ya gyara tef a wuya.

"Ka ji tsoro ke nan. Ka ga za a daina kiran ka."

"Shi ke nan. Yaya, ƙaro mini shayi."

Bango ya yi ta hawa. Na hagu ya kwanta waje kamar mai leƙen maƙwabta, na dama ya yi ciki a tsakiya, na baya kuwa ya karkata wajen kajin Gwaggo. Da aka nuna masa sai ya ce, "Tattara ce. In an yi guga zai miƙe." Da aka ce mene ne gugar bango, ya ce filasta. A gefen dama ya bar wani ɗan rami daidai ƙugu, faɗin bulo rabi. Mai Kanti ya ce taga ce? Ya ce a'a, aljihu ne, kowane aiki mai mutunci yana da aljihu.

Da bango ya kai masa wuya sai da tsani yake fita, ya hau ta ciki, ya jawo tsanin, ya sauke ta waje. Ranar Talata Gwaggo ta kewaya ginin da sandarta sau biyu, ta dawo ta tsaya.

"Ɗan nan, ni idona ne ya mutu, ko shagon ba shi da ƙofa?"

"Gwaggo, yaushe ake yanka wuyan riga?"

"Ina na sani? Ni sakawa nake yi."

"A ƙarshe. Sai an haɗa komai, an ɗaga an ga yadda ta zauna, sannan a sa alli a zana, a sa almakashi. In ka yanka wuya da wuri ya karkace, yadi ya tafi."

Magini ya zame daga kan kujera ya zauna a ƙasa. Matar Tela ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, jibi ne fa."

"Jibi za ki ga mata suna nuna ki suna cewa ga matar mai shagon nan."

"Tun yanzu ma suna yi."

Ranar Laraba da tsakar rana, rana ta kori kowa cikin gida, Tela ya sauko daga tsani ya ja baya ya kalli aikinsa, daɗi ya cika shi. Sai idonsa ya faɗa kan turaku masu jan kai, biyu a baya, biyu kuma bangon gaba ya kusa haɗiye su. Ransa ya ɓaci. Wane irin sakaci ne a miƙa wa mutum riga da fil a jiki? Fil na riƙe aiki ne kafin a ɗinka, in an gama sai a cire. Ya tuge nasa huɗu. Ya duba na Mai Kanti, shi tun makon jiya ya gama nasa shagon, ga turaku nan an bar su. Ya girgiza kai ya tuge. Ya duba na Gwaggo ya tuge. Tausayin mutane ya kama shi, ya bi layin nan tun daga farko har ƙarshe, ya tuge turaku hamsin da shida, ya karkaɗe musu ƙasa, ya jera kawunansu wuri ɗaya, ya ɗaure da ƙyallen atamfa, ya ɗaga ya jefa cikin shago. Ya ce a ransa gobe injiniya za ta san ta zo layin masu tsabtar aiki.

Alhamis da sassafe saura rufi. Ya sa sabuwar riga tun da wuri don kada baƙuwa ta same shi a hargitse, ya haye ya sauka ciki, ya jawo tsani. Matarsa na turo masa katako da kwano ta saman bango, yana karɓa.

"Ga ƙusa da guduma," in ji ta.

"Ajiye su. Ƙusa ta waje ake buga ta, kanta ya fito kowa ya gani. Ɗinke shi zan yi."

Ya huda kwanon da tsinin almakashi, ya zura waya, ya ɗaure da katako ta ciki, ɗinki mai kyau kuwa, tazara daidai. Kwano na ɗaya, na biyu, na uku. Ya jawo na huɗu ya rufe, ya murɗe waya ta ƙarshe, ya sauko daga tsani yana kaɗe hannu.

Duhu ya rufe shi ɗif.

Ya tsaya. Ya laluba ya taɓa keke. Ya laluba ya taɓa bango. Hasken da ke cikin duniyar nan duka bai wuce wanda ke shigowa ta aljihu ba. Ya zaro alli ya zana ƙofa a bangon gaba da lalube, da ɗan lanƙwasa a sama don ado. Ya zaro almakashi. Ya kalli almakashi, ya kalli bango. Ya mayar da almakashi aljihunsa a hankali.

Ya durƙusa ya kai baki ramin. "Uwar yara."

Ya ƙara murya.

"Uwar yara! Miƙo gudumar nan."

Ta kawo. Ƙotar ta shiga, kan ya ƙi. Ta juya, kan ya ƙi, ƙotar ma ta ƙi.

"Kwance rufin ka fito mana."

"Ɗinkin da na yi awa biyu ina yi? Ga injiniya na hanya? Ta zo ta tarar da shago ba hula?"

"Gara ta tarar da shi ba ƙofa?"

Ba ta rufe baki ba farar motar kamfani ta tsaya. Injiniya ta fito, mace ce siririya mai hular kwano da babban littafi a hammata. Kafin ta taka uku, layin duka ya fito. Masu goyo, masu buta a hannu, leburorin kamfani, har mai sayar da ruwa ya ajiye kurarsa a tsakiyar hanya.

Ta kewaya ginin. Ta sake kewayawa. Ta ce, "Ina mai wannan wurin?"

Gwaggo ta nuna da sanda. "Yana ciki."

"Ta ina ya shiga?"

"A ciki aka haife shi," in ji Magini.

Sai ga hannu ya fito ta ramin, fari fat da ƙura, yana ɗaga mata yatsu. Murya ta biyo baya kamar daga rijiya. "Barka da zuwa, 'yata! Sannu da hanya! Ya gajiya? A ba ta kujera!"

Injiniya ta sunkuya. "Baba, lafiya kake?"

"Lafiya lau! Ki duba aiki da kyau, kada ki ji kunya. In akwai inda ya matse ki faɗa."

"Baba, ina ƙofa?"

"An zana. Yankawa ce ta rage."

"Taga fa?"

"Ga aljihu."

Ta miƙe, ta cije leɓe, ta ɗaga littafin ta rufe rabin fuskarta. Ta ce, "A fito da shi tukuna. Rana na hawa, kwanon nan zai gasa shi."

Dama ya fara gasuwa. Zufa ta jiƙe sabuwar riga sharkaf. Matarsa ta kalli ƙanenta, kallo ɗaya, ya tashi ya ɗauko babbar gudumarsa ta fasa dutse.

"Mijin Yaya, ina wuyan rigar?"

Tela ya ƙwanƙwasa ta ciki. "Nan! Ka bi alli! Kada ka ci mini yadi!"

"Allin na ciki, ni ina waje."

"To ka yi da hankali!"

"Shiga ƙarƙashin keke ka rufe kai."

"Ni? A shagona?"

Matarsa ta kai baki ramin ta ce, "Shiga!" Aka ji motsinsa ya shige.

Magini ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga guduma, ya sauke a bangon gaba. Ƙarar ta tashi kamar an bugi ƙarfen jirgi. Gudumar ta dawo ta kusa cire masa kafaɗa. Bango ko ƙwarzane.

Daga ciki aka ce, "Ka ji aiki?"

Ya sake bugawa. Bangon gaba ko gezau. Amma can baya aka ji wani abu na zuba shuuu, kamar ana tankaɗe.

Gwaggo ta ce, "Kai, kajina!"

Bugu na uku, bangon baya ya yi sallama ya kwanta cikin gidan Gwaggo, rugum! Na hagu, da dama waje yake leƙe, ya ga ɗan'uwansa ya tafi, ya bi shi. Na dama ya ɗan yi tunani, ya rausaya, ya zube a gaban kantin Mai Kanti da aljihunsa da komai. Rufin kuwa, da yake ɗinkin na gwani ne, bai rabu ba, ya sulale gaba ɗayansa ta baya ya sauka kan akurki kamar murfin tukunya. Kaji goma sha wani abu suka tashi sama suna ihu, ɗaya ta sauka a kan motar kamfani, zakara ya shige kanti ya hau kan buhun sukari.

Mutane suka watse, suka dawo. Da ƙura ta lafa, ga bango ɗaya tal a tsaye yana kallon titi, a bayansa ga zanen ƙofa da alli, a karkace. Ga keken ɗinki lulluɓe da zane. Ga Tela a ƙarƙashinsa ya rungume ƙafar keke, fari tun daga hula har takalmi, idanu kawai ke ƙiftawa.

Matarsa ta tsallake bulo ta isa gare shi, ta shafa kansa, ta shafa kafaɗa, ta ɗaga hannayensa ɗaya bayan ɗaya. Da ta tabbatar babu abin da ya karye, ta sake shi ya koma zaune daɓas.

Ya yi atishawa, ya miƙe, ya kaɗe riga, ya fuskanci Injiniya. "Dama na faɗa, waɗancan na gwaji ne."

Dariyar da aka yi a layin nan, har direbobin motocin yashi suka tsaya suna tambaya. Mai sayar da ruwa ya kwanta a kan jarkokinsa. Injiniya dai ta daure, ta zaro ma'auninta ta ce, "Bari in auna wanda ya rage. Ina turakunka?"

Ta duba nan, ta duba can. Ta duba gaban kanti. Ta miƙa ido har ƙarshen layi. Fuskarta ta canza.

"Ina turakun layin nan duka?"

Tela ya washe baki. Ashe dai za a zo wurin da za a yabe shi. Ya tone cikin ɓaraguzai ya jawo damin, ya hure ƙura, ya gyara ƙullin atamfar, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ga su, 'yata. Hamsin da shida, ko ɗaya bai ɓata ba. Yaranki sun manta da su a jikin aiki. Ba sai kin yi godiya ba."

Zakara kaɗai ya yi cara daga cikin kanti.

Mai Kanti ne ya fara. "Iyakata! Iyakata ka tuge?"

Gwaggo ta ɗaga sanda. "Dama wannan mai kantin tun bara yake matso mini da benci, yanzu da me zan kama shi?"

"Ni? Ke da kajinki ke kwana a barandata?"

Nan take layi ya kaure. Wannan na cewa daga bishiya ne, wancan na cewa daga dutse ne, wata ta jawo turke daga damin tana neman inda za ta kafa, mijinta na cewa ƙara gaba, ƙara gaba. Injiniya ta zauna a kan bulo, ta cire hular kwano, ta kife fuska a ciki, kafaɗunta na rawa. Babu wanda ya san ko kuka take yi ko dariya sai da ta ɗago tana share hawaye.

"Ku saurara! Kowa ya ajiye turke!" Ta buɗe littafinta. "Mako biyu masu awo suka yi suna kafa waɗannan. Yau ba zan iya duba shagon kowa ba, don ba ni da abin da zan auna da shi. Sai sun dawo sun sake. Kwana goma."

Ta tashi ta ja ma'auni daga bakin sabuwar kwatar da aka haƙa a gefen hanya zuwa bangon Tela. "Wannan kuwa ko ba turke na gani. Ya shigo hanya da inci huɗu."

"Rara ce. Sai a rage."

"To rage, Baba. In na dawo na tarar da shi a nan, ko na tarar babu shago mai ƙofa da taga, wurin ya zama na wani. Da yau na rubuta, da wurin ya riga ya tafi."

Tela ya kalli bangon. Ya kalli gudumar da ta buge shi sau uku bai ji ba. Ya kalli kekensa a fili, rana na dukan sa, babu rumfa, babu shago.

Matarsa ta matso ta yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji. "Malam, ga ƙanena nan. Buɗe baki."

Ya yi gyaran murya. "Ƙanen mata."

"Na'am, mijin Yaya."

"Na ga kamar ba ka da aiki kwanakin nan. Zan iya ba ka dama ka..."

Ta taka masa ƙafa.

"Wayyo! Ka taimake ni."

Magini ya kama kunne. "Gudumar nan ta toshe mini ji. Me ka ce?"

"Ka taimake ni, don Allah! Ban iya ba!"

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Magini ya dafa kafaɗarsa, ƙura ta tashi. "Shi ke nan, an gama. Amma da sharaɗi: kujerata za ka hau, ka zauna a inuwa, ko bulo ɗaya kada ka taɓa. Akurkin Gwaggo ma ni zan gyara, kada ka ce za ka ɗinka mata."

Shagon kam an gina shi cikin kwana biyar, da ƙofa da taga biyu, Injiniya ta dawo ta sa hannu, har ta bar yadi a ɗinka mata. Amma kafin a kai ga haka sai da aka cire bangon gaba. Kwana uku cur Magini da ƙarti biyu suna dukan sa. Ƙotar guduma biyu ta karye. Ɗaya daga cikin ƙartin ya tafi gida da ciwon baya, aka nemo wani.

Tela na kan kujera a inuwa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da kofin shayi. Duk wanda ya zo wucewa, ko bai san shi ba, sai ya yafito shi.

"Malam, zo ka ga wani abu. Ka ga mutanen can? Maginan gaske ne, shekara ashirin suna aiki. Yau kwanansu uku." Ya kurɓi shayi ya nuna bangon da haɓa. "Ni na gina shi."